Mutum Nawa Ne a Cikin Jirgin?

Akwai shafuka a cikin Littafi Mai Tsarki waɗanda kusan kowa yake tsallakewa. Ba labari, ba waƙa, sai sunaye da adadi: wane ya haifi wane, zuriyar wane mutum kaza, mutanen gari kaza mutum kaza. Mu da muka tashi a majami'un bakin Kwara, tun daga Yelwa har Wara, mun ɗauke su kamar horo. Kambari ne mu da Gungawa da Dukawa da 'yan Zuru da aiki ya kawo iyayensu, Hausa ce ta haɗa mu a sujada, da Littafin da aka fara buga shi cikakke da Hausa tun 1932. In aka ba yaro karatun safiyar Lahadi ya faɗa a kan Ezra sura ta 2, sai ka ga zufa ta keto masa, harshe yana sarƙewa a kan sunayen Ibraniyawa, dattawa suna gyangyaɗi, 'yan zumuntar mata suna danne dariya da bakin gyale.

In ka tambayi mai bi inda zai nuna maka ƙaunar Allah a cikin Littafin, zai buɗe maka Zabura ta 23, ko Bishara ta hannun Yahaya sura ta 3, ko ya kai ka gindin gicciye. Ya yi daidai, can ne tushen. Amma mu da abincinmu ya zama rubuta manhaja, muke wuni muna jera mutane layi-layi a rumbun bayanai, idonmu yana yawan komawa kan waɗancan shafuka na lissafi. Duk wanda ya taɓa zama ya tattara sunayen mutum dubu, ya bi su ɗaya-ɗaya don kada a bar kowa, ya san ba a shan wannan wahala a kan abin da ba a damu da shi ba.

Mu ɗauki Ezra ɗin. Sarki Sairus na Farisa ya ba Yahudawan da aka kwashe zuwa Babila izinin komawa gida wajen shekara ta 538 kafin haihuwar Almasihu. Marubucin yana iya cewa jama'a da yawa sun koma, ya wuce abinsa. Sai ya bi su gida-gida, gari-gari, ya ce jimillarsu 42,360, ban da barori 7,337 da mawaƙa 200. Dabbobi ma bai ƙyale su ba: dawakai 736, alfadarai 245, raƙuma 435, jakuna 6,720. Har waɗanda suka kasa kawo shaidar asalinsu, waɗanda a yau za a ce ba su da takarda, an rubuta su, mutum 652. Akwai kuma abin da yake sa mai aiki irin namu murmushi. In ka tara adadin da aka jera ɗaya bayan ɗaya, 29,818 za ka samu. A Nehemiya sura ta 7, inda aka maimaita jerin, 31,089 za ka samu. Jimillar 42,360 kuwa tana nan daram a wuraren biyu. Wanda ya taɓa haɗa rajistar da hannuwa daban-daban suka kwafa ya san wannan ciwon kai, kuma ya san cewa ba ya hana a gane niyyar wanda ya fara rubutawa.

Adadin nan yana kusa da wani adadi da muka gada. An fara aikin datse Kwara a Kainji a 1964, ruwa ya taru a 1968, aka tayar da mutum wajen 44,000 daga gidajensu. Tsohuwar Bussa ta nutse. Gungunan da Gungawa, masu kiran kansu Bareshe, suka yi shekaru aru-aru suna noman albasa da gero da kamun kifi a kansu, ruwa ya shanye da yawa daga cikinsu. Kambari da Lopawa da Larawa da Shangawan bakin kogi duk abin ya taɓa su. Mutanen Ezra gida suka koma. Namu gida suka bari, kuma ba mai komawa, domin gidan yana ƙarƙashin ruwa.

Su ma an ƙidaya su. Ma'aikata sun zo da takardu, sun ƙirga ɗakuna, an gina sababbin gidaje na siminti a kan tudu. Ba mu taɓa jin kakanninmu sun ce ba a ƙidaya su ba. Kukansu a kan abin da takardar ba ta da gurbinsa ne: kabarin uba, tsamiyar da ake zama a gindinta, laka mai taki da kogi yake bari in ya janye, wadda albasa take so. Wannan mun san shi a aikinmu sarai. Abin da ba ka yi masa gurbi a fom ba, a wurin kwamfuta babu shi a duniya.

Littafin kansa ya san ƙidaya iri biyu, kuma bai ɗauke su ɗaya ba. A 2 Sama'ila sura ta 24, sarki Dawuda ya sa a ƙirga masa mazan da suka isa riƙe takobi. Yowab, shugaban yaƙinsa, ya yi ƙoƙarin hana shi, ya ƙi ji, abin ya ƙare da annoba. Ƙidayar Kaisar Augustas ce kuma ta sa mace mai tsohon ciki ta yi tafiya daga Nazarat zuwa Baitalami, ta haihu inda babu masauki. Wannan ƙidayar mai mulki ce, mai son sanin abin da zai samu: haraji, soja, ƙuri'a. Ɗayar kuwa ta makiyayi ce da yamma a bakin garke. Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da ruga a ƙasar Shanga da magariba ya ga yadda Bafulatani yake bin shanunsa da ido suna shigowa. Ba dukiyarsa yake tarawa a ka ba a lokacin, yana duba wadda ba ta dawo ba ne.

Ranar Laraba 26 ga Mayu 2021, wani jirgin katako da yake tsakanin gaɓar jihar Neja da Wara, hedkwatar ƙaramar hukumar Ngaski, ya tsage a tsakiyar ruwa. Waɗanda aka ceto da rai 20 ne da 'yan kai. An yi kwanaki masunta da masu ninƙaya suna tsamo gawa. Mu da muke nesa saboda aiki, waya muka riƙe muna bin labarai, kuma abin da ya fi tsaya mana a rai shi ne tambayar da kowa ya kasa amsawa: mutum nawa ne a cikin jirgin? Wata kafa ta ce 160, wata ta ce 180, wasu suka ce sun fi haka. A bakin ruwanmu ba a rubuta sunan fasinja. Kuɗinsa ake karɓa, a ce masa ya matsa ciki. Don haka sai da aka koma ƙidayar makiyayi: kowace uwa ta duba ɗakinta, kowace tunga ta duba wanda ya fita bai dawo ba. Wanda kuwa ya zo cirani daga nesa, ba wanda ya san ya hau jirgin, wataƙila har yau a gidansu ana cewa ya yi nisan kiwo ne.

A kwanakin nan ne da yawa daga cikinmu muka sake karanta Ayyukan Manzanni sura ta 27, kuma muna roƙon mai karatu, ko Kirista ne ko Musulmi, ya ba mu dama mu ɗan daɗe a kanta, domin duk ɗan bakin ruwa zai ga kansa a ciki.

Manzo Bulus fursuna ne, ana kai shi Roma a cikin jirgin da ya ɗauko alkama daga Iskandariya. Sun tsaya a wata mafaka a tsibirin Karita, lokacin tafiyar teku ya riga ya ƙure, iska ta fara sauyawa. Bulus ya ba da shawara a dakata. Jarumin sojan da yake tsaron su, Yuliyas, ya saurari matuƙi da mai jirgi, ya bar maganar fursuna. Wa zai ga laifinsa? Mai jirgi yana da kaya, kaya suna da lokaci, kuma ya sha ƙetare ruwan nan lafiya. Irin wannan lissafi ake yi kowace ranar kasuwa a tashar jiragen Yelwa. Suka tashi, guguwa ta same su, suka yi kwana 14 ba su san inda suke ba.

A tsakiyar wannan ne Bulus ya gaya musu cewa mala'ikan Allah ya zo masa da dare da albishir: jirgin zai hallaka, amma ba ran da zai salwanta. To, ga mutum riƙe da alkawarin Allah a hannu. Sai a duba abin da aka yi bayan alkawarin. Ma'aikatan jirgi suka jefa igiyar awo, suka sami zurfin gaba 20, suka ƙara matsawa suka sami gaba 15, suka gane ƙasa ta yi kusa, suka saki anka huɗu. Da waɗansu matuƙa suka yi shirin sulalewa a ƙaramin kwale-kwale, Bulus ɗin nan mai alkawari shi ne ya gaya wa sojoji cewa in mutanen nan suka tafi ba mai tsira. Ya matsa wa kowa ya ci abinci don ya sami ƙarfi. Da suka ƙoshi, suka zubar da alkamar a teku don jirgin ya yi sauƙi, wato dukiyar da aka yi kasadar dominta tun farko. A daidai nan kuma Luka, marubucin, ya tsaya ya ba da adadi: su 276 ne. Jirgin ya farfashe a gaɓar Malita. Masu iya iyo suka yi iyo, sauran suka kama katako da tarkacen jirgi. Hausawa sun ce wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa sai ya kama. Aka ƙirga a bakin gaɓa, ba a rasa ko ɗaya ba.

Ba yadda za a yi a ce ba a rasa ko ɗaya ba sai in an san su nawa ne tun farko. Kuma Allahn da ya yi alkawarin bai ɗauke su a kan fuka-fukan mala'iku ya sauke a tudu ba. Ya cece su ta hanyar igiyar awo, da gurasa, da rage kaya, da katako. Shi ya sa ranmu yake ɓaci in muka ji an lafta wa jirgin mutum 80 ninki biyu, da buhuna da babura a kai, ya bi ta inda kututturan itatuwan da tafkin ya rufe tun 1968 suke jira a ƙarƙashin ruwa, ba rigar kariya ko ɗaya, sannan in abin ya faru a ce haka Allah ya so, a rufe magana. Mu duka muna fakewa da wannan kalma, Kirista da Musulmi, alhali maƙwabtanmu Musulmi suna da koyarwar ɗaure raƙumi kafin a dogara, mu kuma ga Bulus. Littafin rubutu da biro a hannun ɗan kamasho ya isa ya amsa tambayar da ta gagari ƙasa baki ɗaya a kan Wara. Ba sai an jira manhaja ba, mu masu rubuta ta muke faɗa.

Sai dai kada mu yi wa Littafin ƙarya. Ba kowane jirgi ne yake ƙarewa kamar na Bulus ba, kuma Littafin bai ɓoye haka ba. A Ayyukan Manzanni sura ta 12, Hirudus ya sa aka kashe Yaƙubu ɗan'uwan Yahaya da takobi, ya kama Bitrus don ya yi masa haka, mala'ika ya fitar da Bitrus daga kurkuku da dare. Manzanni biyu, sura ɗaya, Ubangiji ɗaya. Ba a gaya mana dalilin da ya sa aka buɗe wa ɗaya ƙofa aka bar ɗaya ba. Akwai masu wa'azi da suke zuwa garuruwanmu da lasifika suna cewa mai bi na gaske ruwa ba ya cinsa, harsashi ba ya huda shi, talauci ba ya kama shi. Daɗin ji gare ta, amma ka yi tunanin gwauruwar da take zaune a bencin baya, wadda mijinta mai bi ne, yana ba da zakka, kuma ruwa ya ci shi. Abin da aka gaya mata a fakaice shi ne bangaskiyar mijinta ce ba ta kai ba. Yesu da kansa ya toshe wannan hanya. A Luka sura ta 13 ya ambaci mutanen da hasumiyar Siluwam ta faɗa wa suka mutu, ya ce ba su fi sauran mutanen Urushalima laifi ba. Kuma ya san adadinsu: 18.

Makonni uku bayan Wara, ranar 17 ga Yuni 2021, 'yan bindiga suka shiga Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri suka kwashe ɗalibai da malamai. Nan ma da farko adadi ya yi ta yawo. Sannu a hankali wasu suka kuɓuta, aka sako wasu rukuni-rukuni, labarin ya sauka daga shafin farko, ƙasa ta koma kan wata masifar. Saura 'yan mata 11. A aikinmu, in manhaja ta yi abin da ake so sau 99 cikin 100, akan rubuta rahoto a ce an yi nasara, ragowar ɗayan a sa shi cikin abin da za a duba in an sami lokaci. Iyayen yaran nan ba su san wannan lissafi ba. Sun yi ta bin ofisoshi, suna magana da 'yan jarida, suna neman taimakon jama'a, suna maimaita adadin nan na 11 har sai da ya zauna a kunnen mutane. Sai a 2023, bayan kusan shekara biyu, na ƙarshensu suka dawo. Misalin da Yesu ya bayar a Luka sura ta 15, na mai tumaki 100 da ya bar 99 ya bi sawun ɗaya, tun muna yara muke jin sa kamar tatsuniya mai daɗi. Iyayen Birnin Yauri, Musulminsu da Kiristansu, sun nuna mana yadda abin yake in aka sa masa nama da jini: rashin barci ne, da bashi, da sayar da abin da aka mallaka, da jure kallon masu cewa a haƙura.

Akwai wani ɗan lissafi da muke so ƙwarai, wanda duk mai zuwa kasuwar kifi zai gane shi nan take. A Matiyu sura ta 10, Yesu ya yi maganar farashin gwara a kasuwa: biyu a kan tsaba ɗaya. A Luka sura ta 12 kuma, biyar a kan tsaba biyu. In biyu tsaba ɗaya ne, tsaba biyu huɗu ya kamata ta saya. Ta biyar ɗin gyara ce. Ita ce wadda mai talla take ɗorawa a kai bayan an gama ciniki, kamar yadda ake ƙara maka ɗan warangi a kan mudu don ka dawo gobe. Ba ta da farashi ko a idon mai sayarwa. A kanta ne, tare da sauran, Yesu ya ce Allah bai manta da ko ɗaya ba, ya kuma ci gaba da cewa gashin kan almajiransa ma a ƙirge yake. A Matiyu bai ce gwara ba ta faɗuwa ƙasa ba. Tana faɗuwa. Abin da ya ce shi ne ba ta faɗuwa a bayan idon Uba. Ɗan ciranin da ya hau jirgin Wara ba wanda ya rubuta sunansa, a lissafin duniya shi ne gyara.

Wani zai ce wannan kulawa ai ta masu bi ce kaɗai, tun da da almajirai ake magana. Littafin Yunusa bai yarda a tsaya nan ba. Annabin ya yi fushi don Allah ya ji tausayin Nineba, birnin abokan gaba, littafin kuma ya ƙare da Allah yana ba shi adadi: mutum fiye da 120,000, ga dabbobi masu yawa. Mutanen da annabi yake so a shafe, Allah ya riga ya ƙirga su har da shanunsu. Mafi yawan waɗanda ruwa ya ci a Wara ba a majami'a suke sujada ba. Abokan karatunmu ne, masu sayar wa iyayenmu banda, waɗanda muke kai wa shinkafa da Kirsimeti su kawo mana nama da Sallah. Bambancin mai bi, in akwai shi a nan, shi ne an gaya masa cewa ana ƙirge da shi, an kuma ɗora masa nauyin ƙirga na kusa da shi.

Wata tsohuwa a majami'armu, ɗaya daga cikin waɗanda aka haifa a gungu kafin ruwa ya zo, ba a taɓa samun gawar jikanta ba. Bayan watanni, a wani nazarin Littafi na yamma, aka karanta Wahayin Yahaya sura ta 20, inda Yahaya ya ga an buɗe littattafai a ranar shari'a, aka kuma sa teku ta dawo da waɗanda ta haɗiye. Ita ba ta karatu, sauraro take yi. Da aka gama sai ta ɗaga hannu.

"Baba Fasto, teku aka ce. Namu kuwa ba teku ba ne, Turawa da gwamnati ne suka tare kogi. Shi ma zai dawo da nasa?"

Wasu matasa suka fara murmushi, suka ga fuskarta suka daina. Fasto ya yi shiru kaɗan.

"Inna, ruwan da Bitrus yake kamun kifi a ciki, wanda Littafi yake kira Tekun Galili, tafki ne kamar namu. Kogi ne yake shiga ta arewa ya fita ta kudu."

Ta gyaɗa kai, ta gyara ɗaurin ɗankwalinta.

Da muka koma gida muka duba a waya. Tsawon Tekun Galili kilomita 21 ne kacal. Tafkin Kainji ya haura kilomita 130, kuma a faɗin ruwa ya ninka shi fiye da sau bakwai. Washegari muka aika yaro ya gaya mata.